Sabobi uku na Kawu: mu haɗa su cikin inji guda ko mu bar su yadda suke?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa yin aikin da hannunshi ya fara magana.

Kawuna yana sarin kayan gini a nan Damagaram: siminti, kwano, rodi, fenti, kayan famfo. Biro da mangaza suna cikin gari, akwai reshe a Magarya. Masu taɓa kwamfuta su 14 ne. Ni ke duba musu rezo in na taso daga wajen aikina. A ɗakin bayan biro akwai sabobi uku, wato manyan kwamfutocin da sauran ke dogaro da su. Ta farko ita ke ɗauke da manhajar lissafi da faktir, Windows Server 2012 R2 ce da SQL Server Express. Ta biyu tana riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu da fayilolin kowa, 2008 R2 ce. Ta uku Ubuntu ce, wani ɗalibi ya rubuta mana ƴar manhajar sitok a kanta, ya gama karatu ya tafi, ba wanda ya san cikinta.

Ta biyun ta fara gurnani, diski ɗaya ya kunna wuta ruwan goro. Kawu ya rantse ba zai sayi sababbi uku ba. Tunanina in sayi inji guda mai ƙarfi in maida ukun VM a cikinshi, wato kwamfutocin da manhaja ke ƙirƙira a cikin inji ɗaya. Me zan girka a kai, kuma ta ina ake farawa?

Na Zengou:
Wa alaikumus salam. Proxmox, manhajar da ke ɗaukar VM, ka gama. Kyauta ne, a kan Debian yake, kamfanin da ke yin shi a Vienna yake ta Ostiriya kuma tun 2008 suke fitar da shi. Kuɗi sai in kana son su riƙa amsa maka tambaya. Ka samu inji mai RAM 64 GB, SSD biyu masu kwafar juna, shi ke nan.

Ɗalibar André Salifou:
Ku yi haƙuri, ni sabuwa ce a nan, a Jami'ar André Salifou nake karatu. In an haɗa su cikin inji guda, ba za su cakuɗe ba? Windows biyu da Ubuntu a wuri ɗaya?

Na Zengou:
Ba sa cakuɗewa, ƙanwata. Ki ɗauke shi kamar gidan haya: gini ɗaya ne, amma kowane ɗan haya da ɗakinshi da makullinshi, kowa na ganin gidan nashi ne shi kaɗai. Proxmox shi ne mai gidan da ke raba wa kowa RAM da furosesa da wuri a diski. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne rufi da mitar kuran.

Baba Injiniya:
To ɗana, ka ji wannan magana ta ƙarshe? A nan zancen yake. Yau in sabar fayil ta mutu, Alhaji zai ci gaba da buga faktir. Gobe in injin nan guda ya mutu, babu faktir, babu sitok, babu mai shiga kwamfutarshi ma. Ban ce kada ka yi ba, ni ma shi zan ba ka shawara, don sabobi uku masu shekaru fiye da goma a ɗaki guda asara ce ta kuran da batir. Amma ka fara tambaya daga inda ba nan ne farko ba. Kafin ka ce me za ka girka, amsa mini waɗannan: ina kwafin ajiyarku yake a yanzu? Yaushe aka taɓa maido da shi a gani ko yana aiki? Kuma in komai ya tsaya ran Alhamis da hantsi, kasuwar Dole ta cika, motocin ƙauye sun yi layi a bakin mangaza, awa nawa Alhaji zai iya jurewa?

Ɗan Birni:
Baba, akwai diskin USB a maƙale da sabar lissafi, kowane dare yana kwafa. Maidowa kam ba a taɓa gwadawa ba. Zancen awa kuma, in ka tambayi Kawu zai ce ko minti biyar ba zai jure ba.

Baba Injiniya:
Kowane ɗan kasuwa haka yake cewa har sai an gaya mishi kuɗin minti biyar ɗin. Ka zaunar da shi ka ce: in kana son a dawo cikin rabin yini, ga kuɗinshi, in kana son cikin awa guda, ga nashi. Zai zaɓa da kanshi, kuma ranar da abin ya faru ba zai ce kai ka cuce shi ba. Diskin da ke maƙale dare da rana kuwa, tsawar da ta ƙona saba za ta ƙona shi, cutar da ta kulle fayilolin saba za ta kulle nashi.

Mai Kilawud (Yamai):
Ni fa mamaki kuke ba ni. Muna wannan zamani ana zancen sayen ƙarfe a ajiye a ɗakin baya? Ka yi hayar VM a wajen manyan kamfanoni, a Faransa ko wani wuri, ka riƙa biya wata-wata, kilawud ke nan. Babu kilim, babu gurup, babu ƙura. Magarya da Damagaram duk su shiga wuri ɗaya. Ga Starlink ya shigo ƙasa da izini tun 2025, hujjar rashin intanet ta ƙare.

Hajiya Kwantabil:
Malam, ka taɓa tsayawa a gaban mai mota da ya yi lodin siminti tan 30 yana jiran takarda, kai kuma kana kallon allo yana juyi? Ni aikina ke nan. Ran 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke ta wajen Kodebuwa, rabin Afirka ta Yamma ya shiga wahala, mu ma mun ji a jikinmu. Wanda lissafinshi ke cikin biro ya ci gaba da aiki. Ni ban ƙi kilawud ba, amma kada a ɗauki abin da ake taɓawa kowane minti a kai shi inda sai an tsallaka teku.

Mai Kilawud (Yamai):
Hajiya, abin da ya faru sau ɗaya kike kawowa. Kuran fa sau nawa yake ɗaukewa a Zinder cikin Afrilu? Kin manta Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turowa, aka yi watanni ana rabon kuran unguwa-unguwa? Wane ne ya fi yawa, tsinkewar waya a teku ko ɗaukewar wuta?

Baba Injiniya:
Gaskiyarka a nan, amma in kuran ya ɗauke, kwamfutocin ma'aikata da firinta da akwatin intanet ɗin duk sun mutu, ko saba tana Birni ko tana Paris. Dole dai a tada gurup ko a jingina da sola. Tunda za a tada, ƙara inji guda a kai ba wani nauyi ba ne. Matsalar kuran tana da magani a hannunka. Ta intanet in ta zo, sai dai ka zauna ka yi ta kiran lambar da ba a ɗauka. Kuma kilawud ɗin ma gini ne: a Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin kilawud OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri sun rasa kayansu har abada.

Na Zengou:
Ƙari a kan haka, irin waɗannan tsofaffin manhajojin lissafi an yi su ne don rezon cikin gida. In ka raba su da bayanansu da nisan dubban kilomita, kowane danna maɓalli sai ka jira. Sai dai kowa ya shiga ta RDP, wato ya riƙa aiki a allon sabar daga nesa, wannan kuma wani lasisin ne daban da kuɗinshi. Sannan biyan wata-wata da kati, da Yuro. Alhajin da na sani a wannan gari ya fi son ya biya sau ɗaya ya ga abin da ya saya a gabanshi.

Mai Kilawud (Yamai):
To na ji. Amma ko kwafin ajiya ku kai can.

Ɗan Birni:
Wannan na yarda. Sai dai duka kayan sun kai 400 GB.

Na Zengou:
Yi lissafi. 400 GB a layin da ke turawa da 10 Mbps kusan awa 89 ne, in bai yanke ko sau ɗaya ba. Kwana huɗu ba kaɗan. Dawo da shi ranar da kake cikin tashin hankali ma wata doguwar jira ce. A rezon cikin gida mai gigabit kuwa awa ɗaya da ƴan mintuna ne. Don haka abin da zai hau sama shi ne bayanan lissafi kawai. SQL Express irin naku ba ya barin rumbu ɗaya ya wuce 10 GB, in an matse shi ƙarami ne sosai, kowane dare zai tafi. Sauran, na tabbata rabinsu hotunan biki ne da bidiyon wa'azi da ma'aikata suka zuba a fayil ɗin kamfani.

Ɗan Birni:
Wallahi kamar ka leƙa. Akwai wani fayil sunanshi "Sabo 2" cike da kokowar gargajiya, tun daga zagayen farko har ranar takobi.

Bakano:
Kun ji Damagarawa, saba guda an maida ta gidan kallo. To ni ga tawa. Ku bar yaron nan da Hyper-V, mai ɗaukar VM na Microsoft. Windows ya sani, ma'aikata Windows suke, biyu cikin uku na sabobin Windows ne. Lasisin Windows Server Standard ɗaya yana ba ka damar VM biyu na Windows a kan injin, muddin shi uban injin ba ya wani aiki sai ɗaukar su. Ubuntu kuma ba ta cin lasisi. Ga biyu, ga ɗaya, lissafi ya fita daidai. Ranar da abu ya lalace zai ga allon da ya saba gani, ba baƙin allo mai jiran a rubuta mishi umarni ba.

Na Zengou:
Wannan lasisin ai ko a kan Proxmox haka yake aiki, VM biyu ne. Ba Hyper-V ne ke ba ka su ba.

Bakano:
Haka ne, ban musa ba. Abin da nake so ya riƙe shi ne ana lissafin lasisin da yawan kor, wato ƙwayoyin furosesa, na injin gaba ɗaya, mafi ƙaranci 16. In zumuɗi ya ɗebe shi ya sayo inji mai furosesa biyu, kowane da kor 16, ya ninka kuɗin lasisi a banza, alhali aikin mutum 14 ko rabin guda ba zai cinye ba. Ga kuma CAL, lasisin shiga saba, na kowane ma'aikaci. Abu na biyu: in Windows ɗin da ke kan tsofaffin sabobin tare da su aka sayo shi, wato OEM, a kansu zai mutu, ba ya ƙaura zuwa sabon inji.

Ɗalibar André Salifou:
VMware fa? Shi aka nuna mana a aji.

Na Zengou:
Yana da kyau, ba wanda ya ce ba shi da kyau. Amma tun da Broadcom ya saye shi a Nuwamba 2023 aka daina sayar da lasisin dindindin, sai na shekara-shekara. ESXi, mai ɗaukar VM ɗinsu, na kyauta an janye shi a Fabrairu 2024, aka dawo da shi a 2025, kuma na kyautan manhajojin kwafin ajiya ba sa iya aiki da shi yadda ya kamata. Ki koya don neman aiki a banki ko kamfanin waya. Mai sayar da kwano ba ya bukatarshi.

Baba Injiniya:
Na Zengou da Bakano, ku biyun nan za ku kwana kuna ja. Proxmox da Hyper-V duka suna aiki. Wanda za a zaɓa shi ne wanda in yaron nan yana kwance da zazzaɓi, akwai mutum na biyu a cikin garin nan da zai iya zuwa ya buɗe. Ba a Yamai ba, ba a Kano ba. Na Zengou, kai za ka zo?

Na Zengou:
Zan zo, Baba. Babur ne, minti goma.

Bakano:
Ni ma ai ina garin. Sai dai ku biya ni da Naira.

Ɗan Birni:
Da Naira ai mun ci riba. To a ce na zaɓa. Yaya ake ɗauko sabobin zuwa cikinshi? Na ga ana zancen Disk2vhd.

Na Zengou:
Kowace da hanyarta, kada ka yi musu kuɗin goro.

Ta lissafi ita ce za ka iya kwafowa yadda take. Ka tsayar da SQL tukuna, ka tabbata ba wanda ke ciki, sannan Disk2vhd ya fitar maka da diskin a fayil guda. A Hyper-V kai tsaye za ka maƙala shi. A Proxmox sai ka shigo da shi da qm importdisk. Ga inda mutane ke faɗuwa: in ka tada shi da diski na VirtIO, irin diskin VM mai sauri, tun farko, shuɗin allo zai tarbe ka, 0x7B, don Windows ɗin bai san direban ba. Ka fara tada shi a matsayin SATA, ka ƙara wani ɗan ƙaramin diski na VirtIO don Windows ya nemi direba, ka girka, ka kashe, sannan ka juya babban. Ka duba ko tsohuwar da BIOS take tashi ko UEFI, ka ba VM ɗin irin nata. Bayan ta tashi, tsohon katin rezo yana nan a ɓoye riƙe da adireshin IP, sai ka tono shi ka cire. Ka cire manhajojin kamfanin da ya ƙera tsohon injin, masu duba fanka da RAID, don yanzu ba abin da za su gani. Kuma duk gwajin nan ka yi shi VM ɗin ba ta haɗe da rezon biro. Saba biyu masu suna ɗaya da adireshi ɗaya a rezo guda, ranar ba mai aiki.

Ta Ubuntu ita ce mai sauƙi, Clonezilla, manhajar kwafe diski gaba ɗaya, ya isa. Tunda ba wanda ya san cikinta, kada ka gyara komai, ka ɗauke ta da ƙurarta.

Ta 2008 R2 kuwa ni ba zan kwafe ta ba ko an biya ni.

Ɗan Birni:
Don me? Ita ce ma mai ciwon.

Bakano:
A nan ni da shi bakinmu ɗaya. Microsoft ya daina yi mata gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Kuma ita ce mai riƙe da sunaye, irin wannan ba a wasa da kwafinta. Ka gina sabuwar VM da sabon Windows, ka shigar da ita cikin domen ɗin, wato tsarin sunayen ma'aikatan, a matsayin ta biyu, ka bar su su daidaita, ka miƙa mata ragamar domen (FSMO) da ta sunayen rezo (DNS) da ta rabon adireshi (DHCP), sannan ka sauke tsohuwar cikin mutunci. Kafin nan ka duba ko SYSVOL ɗinku, ma'ajiyar ƙa'idojin domen, har yanzu da tsohuwar hanyar kwafi ta FRS yake tafiya. In haka ne sai ka maida shi DFSR, in ba haka ba Windows 2019 zuwa sama ba zai yarda ya shiga ba. Fayiloli kuma ka kwafe su da robocopy, tare da izinin kowa. Ita ma 2012 R2 ɗin wa'adinta ya cika ran 10 ga Oktoba 2023. Kwafo ta VM zai cece ka daga mutuwar ƙarfe ne kawai, tsufan Windows ɗin yana nan.

Hajiya Kwantabil:
Ƙanena, kafin ka taɓa ta lissafi, leƙa bayanta ka gaya mana me da me ke soke a jiki.

Ɗan Birni:
Na je na duba, Hajiya. Ban da diskin ajiya, akwai wani ɗan makulli shuɗi kamar kile USB, an ɗaure shi da zare a jikin injin. Sai wata waya da ta tafi wajen ƴar na'urar faktir ta impo.

Hajiya Kwantabil:
To ka gani. Shuɗin nan shi ne lasisin manhajar, in babu shi ba za ta buɗe ba. Ɗayar kuma in ba ta yi magana da manhajar ba, faktir ba zai fito da shaidar impo ba, kuma manyan masu saye ba za su karɓa ba. Ka kira waɗanda suka saka muku manhajar tun yanzu, ka tambaye su abu biyu a rubuce: sun yarda ta zauna a VM? Kuma wane Windows ne sigar da kuke da ita take ɗauka? Kada ka bari sai ranar ƙaura ka kira, ranar wayarsu a kashe take.

Na Zengou:
Ana iya miƙa USB ga VM, a Proxmox danna biyu ne. Ka miƙa shi da lambar na'urar, ba da ramin da aka soka ba, don mai shara na iya zarewa ya maida a wani ramin. Bakano, faɗa musu gaskiya a kan Hyper-V.

Bakano:
Hyper-V ba ya miƙa irin wannan makulli kai tsaye. Sai an sayi ƴar na'urar da ke ɗora USB a rezo, ko manhajar da ke yin haka. An ci ni a nan, amma da ƙafa ɗaya.

Baba Injiniya:
Mu koma ɗakin. Ɗana, kwatanta mini shi.

Ɗan Birni:
Mita biyu da rabi ne kowane gefe, rufin kwano da silin. Taga ɗaya ta sama mai raga. Akwai kilim amma mai gadi yana kashewa da dare don Kawu ya ce kuran na tsada. Ondila, akwatin batir mai riƙe wuta in kuran ya ɗauke, guda biyu a ƙasa, ɗaya batirinta ya kumbura har murfin ya ɗaga. In ka shafa bayan saba, yatsanka ja yake fitowa.

Baba Injiniya:
To kuɗin farko a nan za su tafi, ba wajen inji ba. Yawancin sabobi an yi su ne iskar da suke shaƙa kada ta wuce digiri 35, an fi so ta tsaya tsakanin 18 da 27. Mu kuma a Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40, balle ɗaki rufe ƙarƙashin kwano. Batirin ondila irin na dalma, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, shi ya sa naka ya kumbura. A toshe tagar nan, hunturu na zuwa. A ɗaga komai daga ƙasa. A haƙa rami a kafa waya ta ƙasa ta gaske, ba ƙusa a bango ba. Ondila ta zama irin wadda ke tace wuta koyaushe, mai juyi biyu, don wutar gurup ba ta da tsabta.

Abin da ya fi duka: ondila ta yi magana da injin. Waya ce ta USB da manhaja, a Linux NUT ake ce mata. In batir ya kusa ƙarewa, ita za ta ce wa injin ya kashe VM ɗaya bayan ɗaya, ya kwanta da kanshi. In ba haka ba, ƙarfe uku na dare wuta za ta yanke a tsakiyar rubutu, kuma yanzu ba saba ɗaya za ta ji ciwo ba, uku ne. Ka tsara kuma yadda za su tashi: mai sunaye tukuna, sannan ta lissafi.

Ga hujjar da za ka kai wa Alhaji. In tsofaffin uku suna jan wat 200 kowace, 600 ke nan, a wata kilowat-awa 432. Sabon guda da SSD da wuya ya kai sulusin haka. Ka aro mita ka auna naka, kada ka ɗauki lissafina. Rarar ita za ta biya kilim ɗin dare, kuma inji mai jan kaɗan sola da batir suna iya riƙe shi.

Bakano:
In na hannu za ka saya, a Beirut Road ta Kano ana samu, ko a yi maka oda. Injin na hannu ba laifi, amma diski sabo dal, kuma SSD irin na saba, ba na laftof ba. Ka nemi mai gidan wuta biyu. Ka haɗa da fanka da gidan wuta na sauyi tun a tafiya ɗaya, don ranar da kake nema iyaka na iya kasancewa a rufe, mun gani.

Na Zengou:
In da tsarin ZFS za ka haɗa diskokin, kada ka ɗora shi a kan katin RAID mai haɗa su da kanshi, yana son ya ga diskokin da idonshi. A sa katin a yanayin HBA, mai miƙa diskokin kai tsaye. Kuma kada wani ya ruɗe ka da haɗa inji biyu su zama kulasta mai tada kanta, wannan sai da ƙuri'a uku yake tsayuwa. Ya fi ƙarfin bukatarku.

Ɗalibar André Salifou:
To in akwai SSD biyu masu kwafar juna, ga kuma sinafshot mai ɗaukar hoton VM yadda take, me ya sa ake ta zancen kwafin ajiya?

Baba Injiniya:
Ƴata, diski biyu masu kwafar juna, in kin goge fayil, duka biyun sun goge a daƙiƙa ɗaya. Sinafshot kuma a kan diskin nan dai yake zaune, in diskin ya tafi sun tafi tare. Amfaninshi kafin ki yi wani gyara ne, in ya ɓaci ki koma baya, in ya yi ki share shi. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wajen ginin.

Ɗana, ga yadda zan yi in ni ne. Cikin tsofaffin, wadda ta fi lafiya kada a sayar, a sa mata sababbin diskoki ta zama ma'ajiya, kuma a girka mata abin da zai iya tada VM. Ranar da babban ya faɗi, ita za ta ɗauki ta lissafi ko da da ɗingishi. A kai ta wani ɗaki, in da hali wani gini. Sai diskin USB biyu ana musanya, ɗaya kullum yana gidan Alhaji, a kulle da kalmar sirri. Sannan na Mai Kilawud, bayanan lissafi su hau sama kowane dare. Kuma duk wata a ɗauki kwafi ɗaya a tada shi a gefe, kwantabil ta buɗe ta ga faktir ɗin jiya da idonta. Sai ta ce ta gani za a rubuta cewa an yi.

Mai Kilawud (Yamai):
Tambaya ɗaya. Ƴan Magarya ta yaya suke shiga yanzu?

Ɗan Birni:
Wanda ya riga ni ya buɗe musu 3389, ƙofar RDP, a akwatin intanet.

Mai Kilawud (Yamai):
Innalillahi. Windows ɗin da ba a yi wa gyara, ƙofar RDP a buɗe ga duniya? Wannan kada ka jira ƙaura, yau ka rufe. Ta nan masu kulle fayil su nemi fansa suka fi shigowa. Ka sa musu rufaffiyar hanyar shiga da WireGuard, ko Tailscale in layinku ba shi da adireshin kanshi.

Na Zengou:
Yau dai mun yarda da mutumin Yamai.

Ɗan Birni:
Na rufe, na kira su na ce su turo da WhatsApp zuwa jibi. Saura lokaci. Ina tunanin hutun ƙarshen shekara.

Hajiya Kwantabil:
Kul. Ƙarshen Disamba ana ƙirgar kaya, daga Janairu ana rufe lissafin shekara ana shirya takardun impo. Duk wanda ya taɓa mini saba a wannan tsakani, ni da shi ne. Bayan kaka kuma kuɗi na hannun mutane, gini ake ta yi, mangaza ba ta numfashi. Kayan gini da damina suke sanyi. Ka zaɓi tsakiyar wata, ba ƙarshe ba, saboda albashi. A rufe ran Asabar da yamma, kwantabil ta buga balans da jimillar sitok a takarda kafin ka taɓa komai, ran Lahadi bayan ka gama ta sake bugawa a sabon. In ko dala ɗaya ta bambanta, a koma tsohuwar.

Baba Injiniya:
Damina da tsawa, Hajiya.

Hajiya Kwantabil:
Ai kai ka ce a haƙa rami a kafa waya, Baba. A haƙa kafin ruwa ya sauka.

Bakano:
Kuma ba duka rana ɗaya ba. Ta sitok tukuna, a ga mako. Sannan mai sunaye da fayiloli. Ta lissafi a ƙarshe. Tsohuwar a kashe ta, a zare wayar rezo, a liƙa takarda a kai, a bar ta wata guda cur. Ka sani dai, da zarar an buga faktir a sabuwar ran Litinin, komawa baya ya zama sai an sake shigar da duk abin da aka yi da hannu.

Ɗan Birni:
Na zauna da Kawu jiya bayan isha'i. Inji ya yarda, ondila ya yarda, kilim da dare ya yarda bayan na nuna mishi batirin da ya kumbura. Ya ce rabin yini zai iya jurewa, akwai kundin faktir na hannu. Inda muka tsaya shi ne tsofaffin: wani ya riga ya taya su duka uku, kuma ya ce bai ga dalilin ajiye injin da ba ya aiki ba. Sannan ya ce kalmar sirrin babban injin a ba shi shi kaɗai.

Hajiya Kwantabil:
Kada ka yi mishi zancen kwamfuta. Tambaye shi mutum nawa ke cin bashin siminti a wajenshi, kuma in lissafin ya ɓace, nawa ne cikinsu za su zo da ƙafarsu su ce ga abin da ake bin su. Daga nan ka yi shiru.

Baba Injiniya:
Kalmar sirri haƙƙinshi ne, dukiyarshi ce. A rubuta ta, da makullin buɗe kwafin ajiya, da adireshin kowace VM, da matakan maidowa ɗaya bayan ɗaya, a sa a ambulan a rufe a cikin kofur ɗinshi. Kai kuma ka yi aiki da asusunka daban. Biyun da za a sayar, a zare diskokinsu tukuna, lissafin shekara goma ne a ciki.

Na Zengou:
Wanda ke da wuta ruwan goro fa, kada ka jira damina. Yau da dare ka kwashe fayilolin zuwa wani diski. Ina da 2 TB a ajiye, ka biyo ta shago bayan magariba ka karɓa, amma ka dawo mini da shi.

Ɗalibar André Salifou:
Yaya Ɗan Birni, ranar da za ku gwada ta Ubuntu ɗin zan iya zuwa in gani? Na iya PHP kaɗan, wataƙila in gane abin da ɗalibin ya rubuta.

Ɗan Birni:
Ki zo, sai dai in faɗa wa Kawu tukuna. Asabar ƙarfe huɗu, bayan la'asar. Na Zengou, ka taho da kile mai Clonezilla, tawa ta ƙi tashi a tsohon injin.